Bindigar da aka rataye wurin expo

'Yan uwa, saura ƙiris yau ku yi mini salla!

Ɗazu na je kallon expo ɗin zane-zane da aka buɗe nan Tasawa. Sun jera zane a bango, sun haɗa da kayan da: ƙorai, kwari da baka, har da wata tsohuwar bindigar toka da suka aro daga ƙauye.

Na tsaya gaban zanen wata mata mai daka, ƙanena Sani zai ɗauke ni foto. Sai wani ɗan kallo ya sauke bindigar daga ƙusa, ya auna ni da wasa!

Na ce, "Malam, kauda abin nan daga kaina!"

Ya yi dariya ya ce, "Haba Hajiya, wannan ta girmi kakanki. Ado ce kawai."

Sai ga wani tsoho a guje. Ashe shi ne mai bindigar, maharbi daga Gidan Amumune. Yana ta ihu, "Aje ta! Ɗure take! Ban taɓa rataye ta babu ɗuri ba!"

Ina jin ihun nan, na zube ƙasa. Ɗan kallon kuma ya firgita, yatsa ya ja kunamar bindigar.

DARAM!

Hayaƙi ko'ina! Mata na salati, Sani na kuka yana lalube jikina. Ko ƙwarzane babu, alhamdulillahi, sai kunnen dama da har yanzu ba ya ji.

Da hayaƙin ya washe na ɗaga ido. Matar cikin zanen ba ta da kai. Daidai inda nawa yake kafin in zube.