Ragon da Aka Ƙi Yin Layya da Shi

Shekarun da na yi ina ɗinki a bakin tashar Ɗambatta, bango ɗaya ne ya raba shagona da shagon caca. Ba a garin nake kwana ba. Da sassafe nake tasowa daga ƙauyenmu a kan keke, in ratso gonakin gero da gyaɗa, in zo in buɗe. Maƙwabcin nawa wani dattijo ne ɗan kudu, Kirista, mai tumbi da yawan dariya. Direbobi Oga suke ce masa, ni kuwa Baba.

Cacar tasa ta ƙwallon Turai ce. Lokacin babu waya a hannun kowa. Mutum zai zo ya karɓi takarda, ya canki ƙungiyoyin da za su tashi canjaras, ranar Asabar a yi cincirindo a gindin rediyo ana jin sakamako. A lungun shagon kuma akwai kalo-kalo, wata na'ura mai hannu ɗaya da ake jefa wa kwabbai a ja. Ban taɓa shiga na yi ba, shi ma bai taɓa cewa in shigo ba. Da ya kawo mini yadi in ɗinka masa tutar talla na ce, "Baba, ka san addinina." Sai ya yi dariya, washegari ya kawo mini wandunansa in ƙara musu ƙugu.

Wajen jawo mutane kam ya iya. Ya raba kalanda, ya raba lema da damina, har hular rana ya raba wa kwandastoci. Wata shekara, da Babbar Sallah ta gabato, sai ga shi ya dawo daga kara, kasuwar dabbobi, da wani farin rago mai murɗaɗɗen ƙaho, ya ɗaure a ƙofar shago. Duk wanda ya yi caca a watan za a saka sunansa a ƙuri'a, wanda ya ci ya tafi da rago.

Mutane suka yi ta zuwa kallo. Har waɗanda ba sa bi ta layin suka riƙa tsayawa suna shafa bayansa, suna cewa wannan ai uban garke ne. Ranar kasuwar ƙarshe kafin Sallah aka kaɗa takardu a bokiti, ƙuri'a ta faɗa kan wani direban bas mai zuwa Kano. Aka yi ta ihu, ya ja ragonsa ya tafi.

Da la'asar sai ga shi ya dawo da ragon, mahaifiyarsa na biye da shi, tsohuwa 'yar firit cikin mayafi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Sannu, bawan Allah," ta ce wa Baba. "Ga dabbarka. Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce abin caca ba ya layya. Kuma ba zai kwana a gidana ba."

"Hajiya, kyauta ce fa."

"Na sani. Mun gode."

Ta juya ta tafi, ɗan nata ya bi ta yana sosa ƙeya.

Baba ya sake kaɗa bokiti, wanda ya ci na biyu ya aiko cewa ya yafe, don magana ta riga ta zaga gari. Mahauta ma suka ƙi tayawa. Sallah ta zo ta wuce, rago yana nan a ƙofa.

Haka ya zama ɗan layinmu. Ya ci kalandun da suka rage, ya cinye hannun wata riga da na shanya, na biya mai ita da sabon yadi. Ni nake ɗauro masa harawa a bayan keke, Baba yana saya masa dusa, mai shayi yana zuba masa ruwa. Da azahar in na tafi masallaci, Baba ke duba mini shago, shi da ragon. In na dawo sai in tarar yana ba shi labarin garinsu da yarensu.

"Tela," ya ce mini wata rana, "duk tallan da na yi a rayuwata, wannan ne ya fi jawo mutane, kuma shi ne ya fi kore su."

Gaskiya ya faɗa. Daga wannan shekarar masu shiga shagon suka ragu, don iyaye mata sun gane hanya. Da Kirsimeti ta zo, ya yi wa ragon wanka, aka ɗora shi a mota zuwa garinsu. Na raka su har tasha, ina riƙe da igiya.

Da ya dawo ya kawo mini galan na manja, ya kuma ba ni labari cewa 'yan'uwansa sun wasa wuƙa, shi ya hana. Wai ya duba idon ragon ya kasa. Akuya suka saya suka yanka.

Bai daɗe ba ya sayar da kalo-kalon, ya cika shagon da takin zamani da irin tumatir, masu noman rani na madatsar ruwan Watari suka zama abokan cinikinsa. A lokacin ne na ɗinka masa tutar talla, koriya, ya tsaya a kaina yana cewa in ƙara wa haruffan girma.