Kakana Ali, da abin da takardar soja ta faɗa

Bana shekara hamsin ke nan da rasuwar kakana, Malam Ali, manomin gero a ƙasar Dogo. Ina ɗan lakkwal, wato makarantar boko, lokacin da Allah ya yi masa cikawa, saboda haka ban san shi da ƙuruciya ba. Tsoho na sani, dogo, mai tari, wanda in ya zauna gindin gawo yana tufkar igiya sai mu kewaye shi, ya riƙa yi mana ƙidaya da Faransanci muna dariya. Abin da ya rage masa na soja ke nan a baki. Bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba.

Abin da aka sani a gida kaɗan ne. Zamanin da Nasara bai daɗe da zama Damagaram ba, yaƙi ya tashi can ƙasar Nasaran, aka ɗora wa kowane gari ya ba da samari. Aka tafi da Kaka tare da wasu ƴan garinmu zuwa barikin Zinder, daga nan labarinsu ya yanke. Shi kaɗai ya fara dawowa, a rame, ba lambar yabo, ba ko kakin soja. Sauran da suka rayu sai daga baya suka iso. Daga nan magana ta tashi cewa Ali gudu ya yi.

Maganar nan ta fi shi tsawon rai. Ƴarsa ta fari, Gwaggo Hadiza, yayar mahaifina, ta sha ta a bakin rijiya tun tana budurwa. In faɗa ya haɗa ta da wata, ƙarshen zagi shi ne a ce mata ɗiyar wanda ya gudu. Ranar da tsofaffin sojoji ke saka lambobinsu su tafi birni, Kaka gona yake tafiya da haiwarsa. Ko kuɗin sallama bai taɓa zuwa nema ba, mutane kuwa suka ɗauki wannan a matsayin shaida.

Da na yi ritaya daga aikin koyarwa na ce sai na bi sawunsa. Na fara da biro, wato ofishin tsofaffin sojoji, a nan Zinder, suka tura ni Yamai, can kuma aka ce takardun wancan zamani suna Faransa. Na rubuta, aka amsa cewa ba a ga sunan ba. Ashe da sunan ubansa nake nemansa, su kuwa Nasara sunan garinsa suka laƙa masa. Da na sake aikawa da Ali Dogo, sai ga hoton takarda guda ya shigo mini a waya.

Ba ta da yawa. Tsawonsa, tsagen fuskarsa, tabon da ke girarsa ta hagu. An rubuta cewa ya hau jirgin ruwa, ya ji rauni a fagen daga, ya yi jinya a likita, sanyi ya kama masa ƙirji. Likitocin soja suka ce ba zai ƙara iya aiki ba, aka sallame shi ya koma gida. Tarin da muke kwaikwayo muna yara, a can ya samo shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga jikansa zaune yana murza waya da yatsa, yana karanta abin da shi ya rufe bakinsa a kai har ya koma ga Allah. Ina jin ba zai yi murna ba. Kila ya ce in bar wahalar da mutane, tunda wanda ya san gaskiya ya sani. Kila kuma abin da ya gani a can ne ya sa zagin ƴan gari ya zame masa abu mai sauƙi.

Na shiga mota zuwa Dogo na sami Gwaggo a ɗakinta. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta garau. Na karanta ina fassara mata. Da na zo kan tabon gira sai ta ce shi ne, jaki ne ya harbe shi yana yaro. Da na kai wurin sallama ta sa na maimaita. Na tambaye ta ko ta taɓa yi masa maganar.

Ta ce, "Ban taɓa tambayarsa ba, ɗana. Tsoro nake kar ya ga kamar ni ma na yarda da su."

Waɗanda suka yi zagin duk sun riga mu gidan gaskiya, babu wanda za a kai wa takarda a ce ya gani. Gonar da Kaka ya sare tana nan, jikokinsa ke nomanta, kuma uku daga cikin yaran gidan sunansa suka ci. Gwaggo ba ta bari na tafi ranar ba. Ta sa aka tara su a tsakar gida, manya da ƙanana, ta ce in sake karantawa daga farko, da ƙarfi, yadda maƙwabta ma za su ji.

Allah ya jiƙan Malam Ali, ya sa ya huta.