Fuskarsa, Sunan Wani

Jiya a wani kantin magani a unguwar Misfala da ke Makka wani alhaji ya buɗe kwalbar man zafi. Warin na dukan hancina sai na ga Kawu a zuci, yayan mahaifiyata, zaune bisa tabarma yana murza gwiwarsa da ta kumbura kamar kabewa.

A unguwar Nakkasa, nan Makka, aka haife shi, amma bai taɓa samun takardar ɗan ƙasa ba. Da aka fara biyan 'yan ƙwallo, sai ƙungiyoyi suka riƙa ɗaukarsa da katin wani, yau Jidda, gobe Ɗa'ifa, jibi Madina. Da an ji ƙishin-ƙishin bincike sai a sallame shi. Shi ya sa har ya tsufa, in an kira shi sai ya ɗan yi jim kafin ya waiwayo.

Wata rana na raka shi wata tsohuwar ƙungiyarsa. Ga hotonsa a bango, ya tashi sama zai sa wa ƙwallo kai, amma sunan wani ne a ƙasa. Na ce wa mai gadi, "Wallahi shi ne wannan!"

Ko kallonmu bai yi ba. Ya ce, "Yalla, ya Hajj, ku tafi, za mu rufe."

Raina ya ɓaci. Kawu ya riƙe hannuna ya ce, "Ƙyale shi, ɗana. Ai suna goge gilashin hoton."

Da ya rasu, mun binne shi yadda ake binne kowa a Makka, kabari ba alama ba rubutu. Ya Allah, Kai Ka san sunan da aka raɗa masa. Ka kira shi da shi ranar tashi, ya amsa nan take.