Ramin da Muka Haƙa a Bakin Tafkin Gidimuni

Asabar, fita daga Birni

Mun bar Birni, unguwarmu a Damagaram, ranar Asabar bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Mu uku ne: ni, da Iliya mai aikin jinya a babbar likita, wato asibiti, wanda shi ne mai motar, da Habu mai shagon hoto a bakin kasuwa, wanda shi ne mai aparai, wato na'urar ɗaukar hoton. Mun daɗe muna shirin zuwa tafkin Gidimuni, domin Habu ya ce ya gaji da ɗaukar fuskokin masu neman katin shaida, yana son hoton ruwa da dabino ya rataya a shagonsa. Da farko yawon buɗe ido ne kawai. Kafin ranar ta zo, tafiyar ta zama mini wani abu dabam.

Shekarar fari ce, kuma damina ta biyu ke nan gero bai yi ba a ƙauyenmu na wajen Takieta. Baba da yayana Issufu da iyalinsa sun rufe gida sun sauko wurina, muka cika ɗakuna biyun da nake haya. Niyyarsu su bi wata kamiyo, babbar motar kaya, ranar Talata su gangara kudu, su ƙetare iyaka ta ɓarauniyar hanya, don a lokacin a rufe take. Ni ban so tafiyar ba. Baba ya tsufa, matar Yaya kuma tana da goyo. Na ce wa Baba ana faɗin akwai sauran ruwa a Gidimuni, har mutane na noman rani. Ya ce shi ma ya ji haka, ya kuma ji wani ya rantse tafkin ya ƙafe ƙaf. Da zan fita yana zaune kan buzunsa, sai ya tsayar da carbi ya dube ni.

"Sani, ka je ka gani. Amma kada ka dawo mini da wataƙila. Yaran nan ba za su ci wataƙila ba."

Ya san ɗansa. Ko ɗalibaina na lise, wato sakandare, sun san ba na yanke magana sai na juya ta ta kowane gefe.

Mirya

Daga Damagaram zuwa Mirya ba nisa, kuma gudron ne, wato kwalta, amma motar Iliya tsohuwa ce, ba ta son a matsa mata. Gefen hanya duk bukkokin makiyayan da suka gangaro daga arewa ne, wasu da 'yan awaki, wasu ba komai. Can sai muka hango tsamiyoyin Mirya.

A shingen shiga gari jandarma ya tsayar da mu. Da ya ga aparai a wuyan Habu sai fuskarsa ta canza, ya tambayi abin da za mu ɗauka. Ni dama na yi tsammanin haka, tun Alhamis na je buro, ofishin hukuma, na karɓo takardar izini, har su Habu suna yi mini dariya. Ya karanta ta sau biyu, ya ja mana kunne kada mu ɗauki mushen dabba ko sansanin mutane. Daga nan ya gyara hularsa, ya ce tun da mai hoto ya zo har inda yake, a yi masa ɗaya ya aika wa mahaifiyarsa. Habu ya yi masa, yana murmushin dole, domin felikil, wato fim ɗin hoto, ɗaya tak muka samu a duk gari, kuma kowane hoto da ya tafi ba ya dawowa.

Da muka wuce Iliya, wanda ke kirana Mushe kamar yadda ake kiran malamin boko, ya ce, "Mushe, yau tsoronka ya yi mana rana."

Na ce ba tsoro ba ne, shiri ne. Habu ya ce a wurina ai duk ɗaya ne.

Gidimuni, da hantsi

Mun tsaya sau biyu a hanya motar ta huce. Rana ta ɗaga sosai kafin muka sauka daga gudron muka hau wani tudun rairayi. Daga bisansa muka hango fili fari fat yana ƙyalli, dabino kewaye da shi. Iliya ya ce alhamdu lillahi, ga ruwa. Muka bar motar muka gangara da ƙafa. Da muka isa, ba ruwa ba ne. Kanwa ce ta bushe a kan laka, tana ɓarewa ƙarƙashin takalmi.

Habu bai damu ba ko kaɗan. Ya kwanta rub da ciki, ya saita aparai dab da ƙasa, ya ɗauka, ya sake ɗauka. Ya ce a hoton fari da baƙi ba mai bambance wannan da ruwa, zai fito kamar tafki cike maƙil. Ya kuma ƙara da cewa, cikin wasa nake zato, in na nuna wa Baba shi an gama magana, ba mai zuwa kudu.

Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Na ga cewa hoton da na dogara a kansa don kai wa Baba shaida yana iya yin ƙarya ba tare da mai ɗaukarsa ya yi niyya ba. Na kuma ga cewa ko da mun sami ruwan gaske, Baba yana da hujjar ƙin yarda da takarda.

Wani mai jaki ya nuna mana gabas. Muka bi gefen kanwar muna tafiya har ƙafata ta fara ciwo, sannan muka ji ƙarar jigo. Ruwan yana nan. Ya janye ƙwarai, ya koma tsakiyar kacalla, ba zan iya cewa ya kai kashi nawa na yadda yake a da ba, don ban san shi a da ba. Amma ruwa ne, da balbelu a bakinsa. Bayansa kuma garake ne kore shar: albasa, rogo, rake, kabewa, tumatir, kowace garka da 'yar rijiyarta da jigonta. Mun yi watanni ba mu ga ganye haka ba. Iliya ya cire hularsa ya tsaya yana kallo. Ni kuwa wani alfahari ya kama ni, wanda ban san ina da shi ba: a shekarar da ake ta nuna ƙasarmu a duniya da kwano a hannu, ga mutanenmu sun duƙufa suna fid da abinci daga cikin rairayi.

Wurin mai gari

Mun sauka wurin abokin Iliya mai kula da ƙaramar likitar garin. Ya ba mu dafaffen rogo da ƙuli-ƙuli da yaji, ya kawo rake aka yanka. Habu ya ce tun kaka bai ci abin da ba jar dawar taimako ba sai yau. Bayan la'asar mai masaukin ya raka ni wurin mai garin unguwar masu garka, wani dattijo mai ƙaramar murya. Na gaishe shi, na faɗi ko ni ɗan waye, na kuma faɗi abin da ya kawo ni, ina ta kewaye-kewaye har ya ce in taƙaita.

Ya ce baƙi suna ta zuwa, kuma bai kori kowa ba. Duk wanda ya zo da hauyarsa ya haƙa rijiyarsa, ana ara masa fili har damina ta sauka. Sai dai wuraren da ke kusa da ruwa sun ƙare, saura wani gefe can baya, gindin tudu, inda ba wanda ya taɓa haƙawa. Na tambaye shi ko akwai ruwa a nan. Ya ce yana kyautata zato, amma sanin gaibu sai Allah.

Wato dai shi ma wataƙila ya ba ni. Na yi masa godiya na fito. Rijiyoyin da na gani na wasu ne, a filin wasu. Abin da Baba ke bukatar sani shi ne filin da za a ba shi.

Bayan magariba muna shan shayi na ce wa abokaina ina so gobe da sassafe mu haƙa rami a wurin. Habu ya ajiye kofinsa ya ce hasken safiya shi ne duk abin da ya kawo shi, ba zai sayar da shi da haƙar kabari ba. Na ce ya yi hotonsa, in ya gama ya same mu. Iliya ya ce shi dai gobe Lahadi ba zai sami zuwa coci ba, to bari ya yi wannan a madadin.

Lahadi

Da na idar da sallar asuba, Iliya ma ya gama addu'arsa a gefe, muka ari hauya biyu da shebur da kwando. Akwai sanyi. Mai gari ya sa aka nuna mana iyakar filin, na zaɓi tsakiyarsa, daga baya na canza zuwa ɗan ƙasa kaɗan, daga baya na koma tsakiyar, sai Iliya ya kafa hauya ya ce nan za a yi ko da dutse ne.

Rabona da hauya tun ina firamare. Kafin ramin ya kai gwiwa tafin hannuna ya yi ƙulu, kafin ya kai ƙugu ya fashe. Rairayin yana ta zubowa yana mayar mana da aiki baya, dole muka faɗaɗa bakin. Wasu masu garka suka zo suka tsaya, ɗaya ya tambayi Iliya ko gaske ne wannan mushen lise ne. Da aka ce masa gaske ne, ya ce to a ba shi hauyar kafin ya sare ƙafarsa, ya shigo ya taya mu. Can sai ga Habu, ya rataye aparai a reshen dabino, ya naɗe wando ya kama fid da ƙasa da kwando yana mita. Ya ce ya sami ruwan a kwance ba iska, dabino a kife a cikinsa, kuma bai taɓa ɗaukar irinsa ba. Ya ce ya rage mini hoto biyu, kada in ce bai yi zumunci ba.

Ramin ya kai ƙirjina ƙasa tana nan busasshiya. A nan na fara tsara yadda zan gaya wa Baba. Ya wuce kafaɗata kaɗan, sai ƙasar ta yi duhu, ta fara manne wa hauya. Ina ciki ni kaɗai na ji sanyi a yatsun ƙafata. Na duba, ruwa ne yake tsattsafowa ta gefe, a hankali. Na tsaya ina kallo har ya rufe idon sawuna. Iliya ne ya leƙo ya gani, ya faɗa wa sauran.

Muka ƙara zurfi kaɗan, muka bar shi ya taru ya kwanta. Na ɗiba da hannu na sha. Akwai ɗan ɗanɗanon kanwa. Na je rijiyoyi uku na maƙwabta na sha nasu don in gwada, na ji duk ɗaya ne, kuma da shi suke ba albasarsu.

Saura hoton. Habu yana so ya ɗauki ramin da tudu da dabino a baya, yadda zai yi kyau. Na ce a'a, ni zan koma ciki in tsaya, ya ɗauka daga bakin ramin yadda za a ga kaina da bakin da kuma inda ruwan ya kai mini. Baba bai san tafkin ba, bai san dabinon nan ba, amma ya san tsawona. Habu ya ce zan ɓata masa felikil da ƙazamin malami a rami. Na shiga, ruwa har gwiwa, sanyi ya ratsa ni har haƙora. Ya ce in yi murmushi, na ce ba na katin shaida ba ne. Ya ɗauka. Na roƙe shi ya sake, ko da na farkon ya motsa, felikil ɗin ya ƙare a kaina.

Mun yi wa mai gari sallama, na roƙe shi ya riƙe mana filin zuwa Juma'a, ya amsa. Masu garka suka ɗora mana rake da albasa a mota, suka ƙi karɓar komai. Mun kama hanya bayan azahar, Iliya yana tuƙi da hannu a naɗe da bandeji. Jandarman Mirya ya tambayi hotonsa, Habu ya ce sai an wanke. Mun shiga Damagaram ana kiran magariba.

Litinin

Tun da dare na ce wa Baba ya ba ni zuwa safiya. Kayansu suna ɗaure a tsakar gida, har da tabarmi. Da hantsi Habu ya kawo hotunan da kansa, ba su gama bushewa ba. Na cire na kanwar na mayar masa, na miƙa wa Baba na garake, sannan nawa.

Ya daɗe yana kallonsa, ya matso da shi kusa da ido, ya nisanta. Yaya Issufu yana leƙe ta kafaɗarsa. Baba ya sa yatsa a kan bakin ramin, ya gangaro da shi zuwa gwiwata.

"Ƙafarka a ƙasa take, ko a kan wani abu ka tsaya?"

"A ƙasa take, Baba."

"Ka sha?"

"Na sha. Akwai ɗan kanwa, irin wanda suke ba albasarsu."

"Filin wa?"

"Naka ne har damina, in ka je kafin Juma'a."

Ya kama hannuna ya juya tafin, ya dubi inda ya fashe, ya sake shi. Sai ya ce wa Yaya ya je tasha ya gaya wa mai kamiyo a ba wasu wurinsu, in zai dawo ya biya ta maƙera a wasa hauyoyi.

Ranar Alhamis Iliya ya kai Baba da Yaya a motarsa, mata da yara suka bi su bayan an kafa bukka. Ba zan ce ranin ya zo musu da sauƙi ba, kuma ban san yadda ta kasance ga waɗanda suka bi kamiyon ba, don haka ba zan gwada ba. Abin da na sani shi ne ba wanda muka rasa a gidanmu a shekarar, kuma da ruwa ya sauka sun koma ƙauye da irin shuka da suka saya da albasarsu.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina godiya ga mai masaukinmu, da mai gari, da mutumin da ya karɓe mini hauya, wanda ban ko tambayi sunansa ba. Iliya da Habu kuwa, Allah ya bar zumunci.