Zauren Basharu Mai Ɗinki

Basharu tela ne a Kalgo, gidansa yana bakin hanyar da ta nufi Birnin Kebbi. A zauren da mahaifinsa ya gina yake ɗinki, a nan kuma maƙwabta suke haɗa akusansu bayan magariba, a ci tuwo tare.

Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi motoci suka yawaita. Ranar kasuwa hanya takan cushe, jaki da tirela kowa ya tsaya yana jiran kowa. Sai ma'aikatan hanya suka zo da awo, suka ce za a faɗaɗa ta, kuma zauren Basharu ya shiga ciki. Amininsa Atiku, manomi daga Masama, ya ba shi shawarar ya je ya roƙa a karkata awon. Basharu ya ƙi. Ya ce in dai mutane za su huta da cunkoso, zaure ba komai ba ne, zai sake wani. Sai bayan an rushe ya lura babu filin sakewa, don kwalta ta zo har bakin ƙofar tsakar gida.

Hanya ta yi fes har damina ta wuce. Da kaka ta yi, manoman fadama suka ga shimfiɗaɗɗen wuri mai zafi, babu ƙasa babu tsakuwa, suka baza shinkafa a gefen kwalta tana shanya, suka kewaye ta da duwatsu. Masu kifi suka matso da tirensu. Direbobin da a da suke zagayewa suka ji labarin hanya ta buɗe, suka dawo nan. Motoci suka koma bin siririyar tsakiyar hanya kamar da, sai dai yanzu sun fi yawa.

Basharu ya mayar da keken ɗinkinsa cikin gida, inda baƙon namiji ba ya shiga. Masu kawo ɗinki suka ragu, cin tuwo ya koma ƙofar wani.

Wata ranar kasuwa Atiku ya zo gaishe shi, ya tarar da motar albasa ta toshe ƙofar. Basharu ya leƙo ta gefen taya, ya roƙi direban ya ɗan matsa, yana da baƙo.

Direban ya nuna masa layin motoci gaba da baya. "Baba, ina za ni kai ta?"

Basharu ya duba, ya ga gaskiyarsa. Suka gaisa da Atiku ta saman bodin motar, kowa bai ga fuskar ɗan'uwansa ba, sannan Atiku ya juya ya tafi.