Motar da ta cinye rumbun tsimi

Bana shekara talatin ke nan da muka kai yayana Mamman Sani makwancinsa. Ɗansa Lawali ya zo mini har gida a kan kabu-kabu, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce za su yi sadaka. Tunda ni kaɗai na rage a ɗakinmu, kuma na yi karatun manya har ina iya haɗa baƙi, yana so in rubuta wani abu a jarida don a tuna da mahaifinsa. "Baba Habu," in ji shi, "ka faɗa wa duniya shi ne ya fara kawo mota garinmu." To Lawali, ga shi na faɗa. A ƙauyenmu na ƙasar Yekuwa Yaya ne ya fara ajiye mota, ba wanda zai musa. Sauran kuma sai ka daure ka karanta, don ba ka yi wayo ba sa'ad da aka yi abin, kuma masu ba ka labari kullum tsallake tsakiyarsa suke yi.

Na san an hore mu da rufa wa mamaci asiri. Na rufa har bakina ya yi tsami. Yanzu haƙorana sun zube, ba ni da sauran wanda nake jin nauyinsa.

Yaran yau, masu auno hatsi tiya-tiya a kasuwa, ba su san rumbun tsimi ba. A gidanmu akwai rumbunan ci, sannan akwai wani babba a bayan ɗakin Inna wanda ake liƙe bakinsa da laka. Geron da ke ciki ba na biki ba ne, ba na haraji ba. Ajiya ce ta shekarar da sama za ta juya wa mutane baya. Da Baba zai rasu, a gabana ya kama hannun Yaya ya ce kada a fasa wannan laka sai ranar da hayaƙi ya daina tashi a madafa. Gandu ɗaya muke nomawa, tukunya ɗaya muke ci, ni da shi da matanmu da Inna da 'ya'yanmu. Ran kowa a gidan nan yana cikin rumbun nan, kuma Yaya ya fi kowa sanin haka.

Sai ga shekarar da Nijeriya ta sauya hannun tuƙi. Motocin da sitiyarinsu ke dama suka zama abin neman kai a Kano, kowa na son rabuwa da tasa. Yaya ya je can kan harkar gyaɗa, ya ga wata tsohuwar baƙar mota da aka ce wani Baturen kamfani ne ya bari da zai koma gida. Dogon hanci, kujerun fata, katako mai sheƙi a gaban direba. A shekaru ta kusa sa'ata. Ya dawo bai iya cin tuwo, ba ya zance sai nata. Ya bari sai da na tafi kasuwar Dogo-Dogo, sannan ya sa aka fasa lakar. Na dawo na tarar da jakunan fatake a ƙofar gida ana lafta musu dammuna, Inna kuwa tana zaune a gindin rumbu ta lulluɓe kanta.

Na yi magana. Wallahi na yi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Habu, kai ƙauyanci ne zai kashe ka. Hatsi a rumbu gara yake ciyarwa. Wannan za ta riƙa jigila tsakanin Magariya da Kano, kafin kaka mun cika rumbu biyu." Shi ne babba, maganarsa ce magana. Haka nan aka kwashe.

Ranar da motar ta iso an yi kiɗa, maroƙa sun samu rabonsu. Ya raɗa mata suna Gimbiya. Ina da 'ya a lokacin, Dije, ba ta daɗe da fara tafiya ba. Yakan ɗauke ta ya ɗora a cinya, ta danna ham da hannu biyu, ta razana, ta kuma ƙyalƙyale da dariya ta sake dannawa. Matata Zulai, ko tana bakin turmi, da ta ji ham sai ta ce, "To, na san inda 'yata take." Ba zan ɓoye ba, yana son yarinyar nan. Wannan ma yana cikin abin da ke ƙona mini rai.

Jigilar Kano kuwa, ko sau ɗaya ba a yi ta ba. Motar kwalta ce, cikinta a ƙasa, hanyarmu kuma rairayi ne zalla. Turin da muka yi mata ya fi hawan da muka yi. Esansi, wato man mota, sai an ɗauko daga Magariya a garwa bisa jaki, ka ji abin kunya, jaki na yi wa mota dako. Ba ta yi wata nawa ba, ran wata kasuwar Magariya, ta hau wani tudu ta yi tururi, ruwa ya haɗu da mai a cikinta, ta mutu murus. Shanun huɗa ne suka jawo Gimbiya gida, yara na biye suna tafi.

Yaya ya ɗauko wani makanisiyan, wato bakanike, daga Magariya, Ɗanladi, mutum mai cika baki, ya zo da buhun kayan aikinsa. Za a buɗe kan inji. Ƙarfen kwance noti, mu nan kile muke ce masa, mutanen Kano kuma su ce sifana. Ɗanladi ya sa wannan kile ya yi wa notin yawa, ya sa na ƙasa da shi ya ƙi shiga. Ya zazzage buhun kaf, babu wanda ya zauna daidai. Wani tsoho da ya taɓa zama a Kano ya ce ko dai a je can a samo sifana. Yaya ya yi dariya har da buga cinya. "Kile da sifana ai abu guda ne! Mu ce esansi su ce fetur, mu ce lakwal su ce makaranta, mu ce duwan su ce kwastan. Suna ne kawai." Jama'a suka gyaɗa kai, don duk tsawon rayuwarmu haka muka san iyakar nan tamu da Nijeriya: gero ɗaya, harshe ɗaya, gwaggonka na can kawunka na nan, sunayen kayan Nasara ne kaɗai ke sauyawa. Ashe a wajen ƙarfe ba haka ba ne. Awon Ingilishi daban, awon Faransi daban.

Ɗanladi an riga an yi masa alkawarin dami, ina zai ce bai iya ba? Ya yanko gwangwani ya cusa tsakanin kile da noti, ya ɗauko guduma. Yaya na tsaye a kansa yana cewa ƙara, ƙara. Kafin la'asar kawunan notin sun goge sun zama kamar goriba, wani dogon ƙarfe kuma ya karye can cikin inji. Ɗanladi ya ɗaure daminsa a keke ya kama hanya, bai sake waiwayarmu ba.

Mai hankali a nan zai tsaya. Yaya kuwa a nan ya fara. Yau yana Kano, gobe yana Damagaram, neman kayan motar da masu ƙera ta ma sun manta da ita. Kowace tafiya sai an sauke dammuna daga rumbun ci. Ya dawo da wannan bai shiga ba, ya dawo da wancan na wata mota ne. Daga baya ya sayo sifanar, jere guda a cikin jakar fata, ya shigo da ita gari kamar ya ciwo yaƙi. Sai dai notin ba su da sauran kusurwar da za a kama, ko da kile ko da sifana. Aka ɗora motar kan duwatsu a gindin bedi, wato darbejiya, kullum da safe ya goge ta da tsumma.

Daminar shekarar ba ta yi kirki ba. Ta bayanta kuwa, waɗanda suka gan ta ba su son a tuna musu. Shuka ta fito ta ƙone, aka sake ta ƙone. Shanu suka riƙa faɗuwa a bakin rijiya. Hayaƙi ya daina tashi a madafa, ranar da Baba ya faɗa ta zo, muka waiwaya bayan ɗakin Inna muka ga rumbu baki buɗe, ƙadangaru na shiga suna fita. Maƙwabtanmu da ba su kai mu noma ba suka fasa nasu, suna dama kunu safe da yamma. Mu kuwa matanmu suna tonon gidan tururuwa, suna jiƙa anza, suna dafa tafasa da dusa. Zulai ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta. Dije ta daina gudu, ta daina wasa, cikinta ya kumbura, gashinta ya yi ja. Sai zawo ya kama ta.

Na ɗauke ta zan kai ta gidan likita a Magariya. Shanun amalanke an sayar tuni. Na wuce ta gaban mota, tana kan duwatsunta tana ƙyalli, na je na ari jakin maƙwabci wanda shi ma da ƙyar yake ɗaga ƙafa. Zulai na bisa riƙe da ita, ni ina ja. Rana ta take, ba mu kai rabin hanya ba Zulai ta ce, "Malam, tsaya." Ban tambaye ta dalili ba. Mutanen wani ɗan ƙauye da ban san kowa a cikinsa ba suka taimake mu, aka yi wa Dije sutura, aka rufe ta kusa da wani gawo, muka juyo da jaki.

Da muka shigo gari Yaya na zaune a inuwar motarsa. Ya dubi hannun Zulai, ya dubi nawa. Ya ga ba mu dawo da Dije ba. Washegari da hantsi muka ji bugun ƙarfe. Na leƙa na gan shi ya buɗe hancin motar, yana dukan ham ɗin da dutse da bakin gatari, don shi ma notinsa ya ƙi kwantuwa. Ya ɓalle shi, ya tafi da shi tsohuwar rijiyar da ta ƙafe, ya dawo hannu wofi. Iyakar haƙurin da ya ba ni ke nan, kuma bai ishe ni ba.

Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka. Muka raba gandu, muna gaisawa, muna haɗuwa a masallaci. Kullum ina jiran ranar da zai buɗe baki ya ce, Habu, na cuce ka. Da ciwon ajali ya kwantar da shi ya aika a kira ni, na tafi da sauri, na ce yau dai za a yi ta. Ya yafuto ni, na sunkuya na kai kunne. Ya ce, "Damina ta kusa. A rufa mata tabarma." Mota yake nufi, jama'a! Da liman ya ce duk wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe masa, mutane suka amsa baki ɗaya. Ni bakina a rufe yake.

Wani lokaci nakan zauna a tashar Magariya ina kallon babura kamar fara, kowace inuwa da mai gyara, kayan gyara har a faifan mai goro, in ce da Yaya zai ɗago kai ya gani me zai ce? Na san shi. Cewa zai yi, "Ba na faɗa muku ba? Ni na riga kowa gani." Zai ga samarin da ke sayar da gero tun yana tsaye a gona don su sayi babur, ya sa musu albarka, don su ne magadansa na gaskiya. Ba zai tambayi inda rumbunan tsimi suka tafi ba. A duk ƙauyenmu yau babu ko ɗaya, kuma sama ba ta yi wa kowa alkawari ba.

Me ya rage nasa? Yana da kyauta, ban hana masa ba. Shi ya goya ni, shi ya koya mini riƙon hauya. Ya bar 'ya'ya masu ladabi. Ya kuma bar mota, tana nan a gindin bedi, kaji na ƙwai a kujerar baya, lambarta ta Kano har yau ana karantawa tsaf. Ni kuwa na koma ɗan ƙauyen nan ba sau ɗaya ba. An sare gawon, wurin ya zama gona, ba wanda ya iya nuna mini inda 'yata take.

Yanzu Lawali ya ce wani mai kuɗi daga Yamai, cikin masu tara tsofaffin motoci, ya ga hotonta a salula ya zo har gida. Ya zagaya ta yana shafawa, ya ce irinta ta yi wuya, zai ɗauke ta a babbar mota, ya sa a gyara ta ta tashi. Lawali na neman izinina. Na ba ka, ɗana. Sayar. Abin da aka ba ka kada ka yi mana shinkafar sadaka da shi. Sayi gero, ka gina rumbu a bayan ɗakin da kakarka ta zauna, ka liƙe bakinsa da laka. In ka yi haka ka biya wa ubanka abin da ake iya biya.

Mutumin ya lura babu ham, ya ce ba komai, zai samo irinsa a Kano ya ɗaura, har ya kawo ta garinmu a yi zagaye don girmama mai ita. Ya samo, ya ɗaura, motarsa ce. Amma ka faɗa masa kada ya kuskura ya danna shi sai ya wuce Yekuwa. Zulai tana da rai, kuma kunnenta lafiya lau.