Jan Tudun Bayan Garinmu

Jiya ina jiran mota a Tina Junction, sai na ji wata mai sayar da dankali ta ambaci ƙauyen da aka haife ni. Rabona da can tun ina yaro.

Na ce, "'Yata, jan tudun bayan gari yana nan? A gindinsa aka binne mahaifina."

Ta ce, "Baba, ai ƙasar da masu haƙar kuza suka tara ne. An baje rabi an yi gona, amma gefen kaburbura ba a taɓa ba."

Ashe tudun da nake hawa a mafarki, su mahaifina, leburorin kuza, su ne suka ɗauko shi a ka, kwano-kwano.

Asabar zan je, in Allah ya yarda. Ku fa, me ya rage muku a garinku?